Littafin da ta zo da shi: nazarin zama 14 da wata mai jinyar mahaifinta

Sunan aikinmu ma yana jawo mana magana. Mu masu zama da mutanen da damuwa ta addaba, masu ba da shawara ake ce mana, don haka duk wanda ya turo ƙofa ya shigo yana sa ran zai fita da shawara a hannu, kamar yadda ake fitowa daga wurin likita da takardar magani. Matar da zan ba da labarinta ta fi kowa wannan zato. Tana zama ta zuge jaka, ta fito da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da biro, ta ɗora wayarta a kan gwiwa fuskar wayar na kallon sama, ta ce, "Likita, ina saurare."

Na gaya mata ni ba likita ba ce. Ta ce to, ta kuma ci gaba da kira na Likita har ranar da muka rabu. Ni Malama nake ce mata, haka kuma zan kira ta a nan. Da izininta nake wannan rubutu, na kuma sauya abubuwan da za su sa a gane ta.

Abin da ya kawo ta

Shekarunta 43, akanta ce, tana da miji da 'ya'ya uku, ita ce babba a cikin su huɗu wurin iyayensu. Shekara shida kafin zuwanta mahaifinta ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ɓangaren dama ya daina aiki, magana ta sarƙe, kalmomi kaɗan ne suke fita sosai. Mahaifiyarsu ta riga ta rasu, sai ta ɗauko shi ya dawo gidanta.

Likitan da ke duba hawan jininta ne ya turo ta. Ta yi wata huɗu tana farkawa wajen ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa, abinci ya fita daga ranta, ta fara tafka kuskure a lissafi a wurin aiki, abin da ba a san ta da shi ba. Likitan ya yi abin da ya dace, ya sa an duba ƙarancin jini da aikin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, domin dukansu biyu kan kawo kasala da mutuwar jiki mai kama da ciwon damuwa. Komai ya fito lafiya. Ya yi mata tayin maganin damuwa, ta ce a'a.

A zaman farko ta cike takardar auna tsananin ciwon damuwa da ake kira PHQ-9. Tambayoyi tara ne a kan makonni biyun da suka wuce, kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Ta samu 17, wato damuwar ta wuce matsakaiciya tana neman tsananta. Tambaya ta tara, wadda ke tambayar ko mutum yana tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa, ta zagaye 0 da sauri, ko gama karantawa ba ta yi ba. Na lura, na yi mata tambayar da baki, ta ce babu. Na kuma gaya mata abin da nake gaya wa kowa a ranar farko: abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, sai fa in na ga ranta ko ran wani yana cikin haɗari.

Littafin kuwa abin kallo ne. Ta nuna mini shi ban tambaya ba, kamar mai nuna takardar shaida. Kowane shafi rana guda, an ja layi da rula: lokacin magani, awon jini safe da yamma, ƙarfe nawa aka juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo, sau nawa ya yi fitsari, me ya ci me ya bari. Akwai layukan da aka cike ƙarfe 2:00 da 4:30 na dare, rubutun a miƙe, ba ko karkata. Wannan shi ne na goma sha ɗaya, in ji ta, sauran suna cikin durowa. Na tambaye ta ko akwai inda take rubuta nata barcin. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

Buƙatarta a fili take. "Ki gaya mini yadda zan yi in riƙa barci, in koma yadda nake da. Ba ni da lokacin rashin lafiya."

Hanyar da nake aiki da ita

Hanyar da na koya ita ce wadda ke miƙa wa mai matsala ragamar zaman. Carl Rogers ne ya assasa ta, Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a 1902 ya rasu a 1987. Ya yi shekara 12 a birnin Rochester yana aiki da yaran da suka gagara da iyayensu, kuma shi da kansa ya ba da labarin abin da ya juya masa tunani a can. Wata uwa ce ta kawo ɗanta mai ƙiriniya. Rogers ya gama bincikensa ya yanke cewa tushen abin ƙin da uwar ta nuna wa yaron tun yana ƙarami ne, sai ya riƙa lallaɓa ta, zama bayan zama, ko za ta gano hakan da kanta. Ba ta gano ba. Daga ƙarshe suka yarda an gaza, suka yi sallama. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta tambaye shi ko suna karɓar manya. Da ya ce e, ta dawo kujerar da ta tashi a kai, ta shiga zazzage baƙin cikin aurenta da jin da take yi cewa ta gaza a rayuwa. Daga ranar ne aikin ya fara tafiya. Abin da ya ɗauka daga nan shi ne abin da karin magana ya riga ya faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1940 ya koma koyarwa a jami'ar jihar Ohio, inda ya fara naɗar zaman da yake yi da mutane a faifai ana rubuta shi kalma bayan kalma, a lokacin da abokan aikinsa ke ɗaukar ɗakin shawara a matsayin wurin da ba mai leƙawa. A 1942 ya buga littafi ɗauke da zaman mutum guda daga farko har ƙarshe. Ya kuma daina kiran masu zuwa wurinsa majiyyata, domin kalmar tana sa mutum ya kwanta ya jira a yi masa. A 1945 ya kafa cibiyar shawara a Jami'ar Shikago, a 1957 kuma ya fitar da maƙalar da har yau ake jayayya a kanta, inda ya ce sharuɗɗa shida ne ke sa mutum ya sauya a irin wannan zama, kuma in sun cika sun wadatar.

Biyu daga ciki shimfiɗa ne: a samu mutum biyu da suka haɗu da gaske, ɗayansu kuma yana cikin halin da cikinsa da wajensa ba su jitu ba. Uku suna wuyan mai saurare. Kada ya zama mai fuska biyu, abin da ke ransa game da zaman ya yi daidai da abin da yake nunawa. Ya karɓi mutumin ba da sharaɗi ba, ko da abin da ya fito daga bakinsa mummuna ne. Ya kuma yi ƙoƙarin jin abin kamar shi ya shafa, ba tare da ya manta cewa ba shi ba ne. Na shidan shi ne wanda ɗalibai ke saurin tsallakewa, kuma shi ne ya kayar da ni a wannan lamari: dole shi mai matsalar ya ji a jikinsa cewa an karɓe shi an kuma fahimce shi. In bai ji ba, duk kyakkyawar niyyar da ke ranka taka ce kai kaɗai.

Akwai wani bayani nasa da zai taimaka wajen gane Malama. Ya ce yaro kan koya tun da wuri cewa ana son sa ne idan ya zama kaza, ana janye masa fuska idan ya zama kaza. Sai ya girma yana auna kansa da ma'aunin wasu, yana binne duk wani ji da bai dace da ma'aunin ba, har ya kai shi kansa bai san me yake ji ba.

Masu yi wa hanyar ba'a suna cewa aikin aku ne, ka maimaita wa mutum abin da ya faɗa ka karɓi kuɗinka. Ba'ar ta daɗe. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya fitar da manhajar kwamfuta mai suna ELIZA da ke kwaikwayon irin wannan mai saurare, tana juya maka maganarka ta mayar da ita tambaya, kuma abin da ya ba shi tsoro shi ne yadda mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu. Na yarda akwai masu aikin da ba su fi ELIZA ba. Ni kuskurena ta ɗaya gefen ya ɓullo.

Zama na biyu

Ta ambaci ƙannenta uku, maza biyu mace ɗaya, duk manya, duk da abin hannunsu, biyu ma gari ɗaya suke da ita. Ta ce, "Kin san kowa da hidimarsa." Ina jin haka raina ya sosu a madadinta. Na ga labarin duka, ko in ce na zaci na gani: an jibga wa babbar ya kaya, ƙanne sun zame jiki. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Malama, me zai hana ki tara su ku raba kwanakin? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Nan take biro ya sauka a kan takarda. Ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta yi ta godiya, ta fita da fara'a. In faɗi gaskiya ni ma na ji daɗi. Ranar na koma gida ina jin na yi aiki.

Mako uku da suka biyo baya labari mai daɗi ta riƙa kawowa. A zama na uku ta ce ta yi musu magana sun amince. A na huɗu ta ce barci ya fara dawowa, takardar ta nuna 9. A na biyar har da jerin abubuwan da ta cim ma ta zo da shi, da lamba ɗaya, biyu, uku. Sai dai labarin zuciya a tambayi fuska. Idanunta sun ƙara faɗawa, zoben hannunta ya fara yawo a yatsa tana ta mayar da shi da babban yatsa, wayar kuma tana nan a kan gwiwa, ba a minti uku ba ta leƙa ta ba. Idan da gaske wani yana gida tare da Baba, gadin me take yi? Wani abu kuma na lura da shi a kaina, wanda ya fi ba ni kunya: hamma take kama ni a zaman nata. Mace na ba ni labarin nasara, ni kuwa hankalina na kan agogo.

Duk mai wannan aiki yana da wani gogagge da yake kai wa aikinsa a duba, ba tare da sunan kowa ba. Na kai wa tawa malamar wannan. Ta saurare ni har na gama, ba ta ce komai a kan shawarar da na bayar ba, sai ta tambaye ni, "A cikin ɗakin nan, wa take jinya?"

Zama na shida

Na bari ta zauna, ta buɗe littafi, kafin ta fara karanto rahoto na ce, "Malama, akwai abin da nake so in faɗa, in na kuskure ki gyara mini. Tun ranar da na ba ki shawarar nan, kowane mako kina kawo mini albishir, ni kuma ina karɓa. Amma ina jin kin yi mini nisa. Tsorona kada a ce na zama ƙarin mutum guda da kike ɗawainiya da shi."

Ta yi shiru. Shirun ya kai kusan minti huɗu, kuma wanda bai taɓa zama gaban mutum minti huɗu ba magana ba, ba zai san tsawonsu ba. Sau biyu na buɗe baki zan sassauta maganar, in ce ƙila ni ce na yi zato, na danne. Ta rufe littafin. Ta ɗauki wayar ta kifa ta a kan tebur, karo na farko tun da muka fara.

"Ban kira su ba."

Na gyaɗa kai.

"Ko ɗaya ban kira ba. Barcin ma ƙarya ne. Na ga kin yi ƙoƙari, ban so ki ga kamar shawararki ta tafi a banza."

Na ce, "Ke nan mako huɗu kina kare ni kada in ji na gaza." Ta yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama kuka, kukan da ba sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Da ta natsa ta ce a ba ta takardar ta sake cikewa. Ta samu 19. A tambaya ta tara ta daɗe biro na sama, sannan ta zagaye 1.

A nan na ajiye zancen miƙa ragama na ɗan lokaci, kuma ban yi da-na-sani ba. Na tambaye ta kai tsaye, da kalmar da ba ta da lulluɓi, ko tana tunanin kashe kanta. Bincike ya daɗe da nuna cewa yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin, yawanci ma sauƙi yake kawowa. Ta ce ba ta taɓa shirya wani abu ba, ba ta taɓa gwadawa ba, amma akwai dararen da take fatan ta kwanta kada ta farka. Na tuna mata cewa gidanta cike yake da magunguna, kuma makullinsu a hannunta yake. Muka yi yarjejeniya a ranar: za ta gaya wa mijinta, ta zaɓi ta faɗa da bakinta, maganin mako guda kawai zai zauna a wurinta, sauran a wurinsa, zan rubuta wa likitanta da saninta, ta kuma rubuta lambobin da za ta kira in dare ya yi mata tsanani. A cikin makon ta koma wurin likitan ta karɓi maganin da ta ƙi da farko.

Akwai abokan aiki masu tsauri a kan wannan hanya da za su ce na karkatar da ita. Ban yarda ba. Da na ji tsoro ya kama ni na rufe shi da murmushi ina gyaɗa kai, da na karya na farko cikin sharuɗɗa ukun da ke wuyan mai saurare, na zama mai fuska biyu.

Abin da ke ƙarƙashi

A zama na bakwai littafin bai fito daga jaka ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce akwai wani dare da ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin Baba tana sauraren numfashinsa, kamar yadda ta saba. Sai numfashin ya ɗan tsaya. "Kafin ya dawo, Likita, abin da na ji a raina sauƙi ne. Sauƙi na ji. Wace irin 'ya ce wannan?"

Amsar da ta zo mini a baki ita ce wadda kowa zai bayar, cewa masu doguwar jinya da yawa suna jin haka, ba ita kaɗai ba ce. Maganar gaskiya ce. Amma da na faɗe ta a lokacin, da na yi mata abin da kowa ke yi mata shekara shida, a ce ki yi haƙuri, Allah ya ba da lada, a rufe zancen. Mutum ya ɗauko abin da ya fi tsoro a duniya ya ajiye a gabanka, ka yi saurin cewa ba komai ba ne, abin da zai ji shi ne ba ka iya kallon abin ba. Sai na ce, "Kin ji sauƙi na daƙiƙa ɗaya, tun daren kuma kike hukunta kanki."

Ta girgiza kai. "Ba hukunci ba ne. Tsoro ne. Ina tsoron waccan ce ni ta gaskiya, duk sauran wasan kwaikwayo ne."

Wannan gyara da ta yi mini ya fi duk godiyar da ta yi a baya daraja a wurina. Matar da ta yi wata guda tana ƙarya don kada raina ya ɓaci, yau ta ce mini ban gane ba. Na karɓi gyaran, na ce, "Tsoron kada a ce mai kula da shi ɗin ƙarya ce, mai fatan hutun ita ce ke." Ta ce, "Yawwa." Kafin mu tashi na tambaye ta ko ta taɓa tunanin cutar da shi ko hana shi magani. Ta ce ko kusa, na kuma gaskata ta. Zancen cewa wasu ma suna jin irin haka sai a zama na tara ya zo, da ita kanta ta tambaya, lokacin kuwa ya shige ta.

Daga na takwas zuwa na goma sha ɗaya, Baba ne zancen, amma Baban da yake da lafiya. Ita ce yarinyar da ba ta taɓa ba da matsala ba. In ta zo ta ɗaya a aji sai ya duba takardar ya ce haka ya kamata. In ƙanenta ya zo na goma sai a yi ta labari. Ba ta tuna ranar da ya yabe ta ba, kuma ba ta taɓa ganin laifinsa ba, domin a ganinta babba ba ya jiran yabo. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya zama daga hannunta kaɗai yake karɓar magani ba gardama. Cikin 'yan kalmomin da suka rage masa, sunanta ne ya fi fita tsaf. Masu zuwa dubiya kuma ba su da magana sai 'yar albarka.

A zama na goma ne ta faɗi abin da ya rushe labarin da na gina. Ƙanwarta ta nemi ta ɗauki Baba na wasu watanni tun shekara biyu da suka wuce, ita ce ta ce gidan ƙanwar yana da matakala. Ƙanenta ya ce zai biya mai jinyar dare, an kawo mata biyu, ta sami laifin kowacce cikin mako guda. Ba su zame ba, ita ta tare ƙofa. Ta ce, tana juya zoben, "In wata ta iya, to ni mece ce?"

Shawarata ta zama na biyu a takarda daidai take, duk wanda ya ji labarin a gurguje ita zai bayar. Amma na gina ta ne a kan cewa ƙanne ne matsalar, na kuma ƙara mata wani ma'auni na waje da za ta auna kanta da shi ta ga ta gaza. Da ma ta bi ta, da ta tara su, da an raba kwanaki, da cikin wata guda ta sami dalilin karɓe su duka. Irin abin da ya faru da Rogers da waccan uwa ne ya faru da ni, ga shi kuwa na sha karanta labarin har ina koyar da shi.

Sauyin da ya zo ƙarami ne, kuma ita ta zaɓi girmansa. Kafin zama na goma sha ɗaya ta bar ƙanwarta ta kwana da Baba dare ɗaya. Ba ta runtsa ba, tana ɗakinta tana kasa kunne. Da safe ta duba ta ga an ba da maganin dare a makare da minti 20. Ta ba ni labarin da fushi, ta tsaya, ta ce, "Kuma bai mutu ba." Muka yi dariya tare. A makonnin da suka biyo baya dare ɗaya ya zama biyu. Fushi da Baba ya fito, wanda ya ba ta tsoro, bayansa kuma wani baƙin ciki na daban, na cewa yabon da take jira ba zai zo ba, domin bakin da zai faɗe shi ya riga ya sarƙe.

Zancen mijinta sau biyu ya gifta, duka biyun ta kauce da sauri. Na ambata mata sau ɗaya cewa na lura, ta ce ba yanzu ba, na bari. Har yau ina juya wannan a raina, ko girmama ta na yi, ko kuwa tsoron sake yin katsalandan ne ya ɗaure mini baki.

Yadda nake auna sakamakon

Takardar ta nuna 12 a zama na goma, ta nuna 8 a na goma sha huɗu, tambaya ta tara ta koma 0, wannan karon bayan ta karanta ta har ƙarshe. Ba zan ce zaman ne kaɗai ya yi wannan ba. Ta fara shan magani a mako na bakwai, irin waɗannan magunguna kuwa kan ɗauki makonni kafin su kama, wato daidai lokacin da makin ya fara sauka. Dare biyu na hutu a mako ma magani ne. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, ba ta karɓi maganin ba, ba ta kuma buɗe wa ƙanwarta ƙofa ba, sai bayan da ta sami wurin da za ta faɗi mafi munin abin da ke ranta ba a kawar da kai ba.

Iƙirarin Rogers na cewa sharuɗɗan sun wadatar a ko'ina, ban bi shi har can ba. Shi kansa ya gwada hanyar a Wisconsin da masu tsananin taɓin hankali da ke kwance a asibiti, sakamakon da aka buga a 1967 bai yi armashin da aka sa rai ba. A Ingila kuma, wani babban gwaji da aka yi a Sheffield da mutum 510 masu ciwon damuwa, wanda aka buga a 2021, ya kwatanta wani reshe na wannan hanya da hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da aka fi sani da CBT. Bayan wata shida ba ta gaza CBT ba, amma bayan wata 12 CBT ta ɗan yi gaba. Wanda ya zo mini da waswasin wanke hannu sau hamsin a rana, ko firgitar da ke tsayar da numfashi, zan saurare shi da zuciya ɗaya, sannan in tura shi inda za a yi masa aiki mai tsari. Ita ma Malama, farkawar ƙarfe uku ba ta bar ta gaba ɗaya ba, sai da na haɗa ta da mai aikin gyaran barci, kuma da ta ji za a ba ta jadawalin cikewa har idonta ya yi haske.

Bayan wata uku na kira ta a waya kamar yadda muka shirya, da yamma. An kwantar da Baba a asibiti kwana huɗu da ciwon ƙirji, makinta ya koma 10. Na tambaye ta daga asibitin take magana. Ta ce a'a, tana gida, yau kwanan ƙanwarta ne, littafin ma yana can wurinta. "Rubutunta kamar tafiyar kaza, Likita, ko layi ba ta ja." Ta ce tun la'asar ta kira ta sau biyu, yanzu haka hannunta na ƙaiƙayin kira na uku. Na tambaye ta me take so ta yi. Ta yi ɗan jim, ta ce za ta bari sai ƙarfe tara, lokacin maganin dare.